Wanda Ya Je Taro, Ya Komo Da Mutane

 Maganar da nake so in yi ta shafi 'yan'uwana ɗalibai, ta kuma shafi iyayenmu, domin su ne masu ba mu izinin fita da kuɗin mota. Maganar kuwa ita ce ta tarurrukan masu fasahar zamani, watau masu aikin kwamfuta da wayar hannu da wutar sola da makamantansu, waɗanda akan yi a nan Kaduna lokaci lokaci. Ra'ayina shi ne ya kamata ɗalibin Maƙera ya riƙa zuwa irin waɗannan tarurruka tun yana makaranta. In kuwa ya je, babban abin da zai komo da shi gida shi ne mutane, watau sanayya da waɗanda suka riga shi shiga sana'ar. Jaka da riga da biron da ake rabawa kyauta duk ƙari ne kawai.

Bari in fara da dalilin da ya sa maganar ta fi damunmu, mu mutanen wannan gefen kogi. Sunan unguwarmu ma sunan wurin sana'a ne, gama maƙera ita ce inda ake hura wuta a sarrafa ƙarfe. Maƙwabciyarmu Kakuri kuwa, nan ne aka tara manyan ma'aikatun Arewa. A shekarar 1957, zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello yana Firimiya, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. A 1964 aka kafa masaƙar UNTL, a wannan shekarar kuma aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON. Masaƙar Arewa Textiles ita ma cikin shekarun nan ta zo. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, motocin nan da muke kira Fijo.

Kakanninmu da suka ga wannan zamani sukan ba mu labari, su ce in an busa jiniyar canjin aiki hanya takan cika maƙil da kekuna, wasu na shiga, wasu na fita, dare da rana inji ba ya hutawa. A lokacin, yaron da ya gama makaranta ya san inda zai dosa. Ƙofar ma'aikata a fili take, ga sunanta an rubuta a allo. In yana da kawu ko maƙwabci a ciki, shi zai riƙe hannunsa ya kai shi gaban heluma, ya ce ga yarona, na yarda da halinsa. Ta wannan ƙofa mutane daga kowane sashe na ƙasar nan suka shiga suka zama wani abu. Ko Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999, ya kuma zama gwamnan jihar Edo a 2008, a masaƙar Arewa Textiles ya fara aiki.

To, wannan zamani ya wuce. A 2002 Kaduna Textiles ta rufe, sauran masaƙu kuma suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, saboda ƙarancin wutar lantarki, da tsadar man da inji ke sha, da yadi mai araha da ake shigowa da shi daga waje, galibi ta ɓarauniyar hanya. Dubban magidanta suka rasa aiki. Babu gida a Maƙera ko Kakuri da bai san wani da abin ya shafa ba. Mu da muke aji yanzu, bayan an rufe waɗannan ƙofofi aka haife mu. Duk wanda ya ce mana mu jira a sake busa jiniya mu je mu tsaya a bakin ƙofa, bai faɗa mana gaskiya ba.

Wannan ba ya nufin aiki ya ƙare a duniya. Aikin dai ya canza kama. Tun daga 2001, da wayar salula ta shigo Nijeriya, sana'o'i suka yi ta fitowa waɗanda kakanninmu ba su san su ba. Akwai mai gyaran waya, da mai kafa sola a kan rufi, da mai rubuta manhaja, watau umarnin da kwamfuta ko waya ke bi ta yi aiki, da mai zanen talla, da mai tsare wa kamfani asirinsa kada ɓarayin intanet su shiga. Amma akwai wani bambanci babba. Irin wannan aiki ba shi da ƙofa mai allo. Mutum yana iya zama a ɗakinsa a Barnawa yana yi wa wani kamfanin Legas aiki, maƙwabcinsa ma bai san abin da yake yi ba. To, yaron da ke son koyo ina zai sami wannan mutumin? Wa zai riƙe hannunsa ya kai shi? Inda masu wannan sana'a ke fitowa fili a gan su shi ne wurin taro.

Wuraren kuwa akwai su, ba sai an je Legas ko Abuja ba. A 2016 Sanusi Ismaila ya buɗe wata cibiya mai suna CoLab a Barnawa, a wannan gefen kogi namu, domin matasa masu aikin kwamfuta su sami inda za su haɗu su koya wa juna. Ƙungiyoyin masu rubuta manhaja da ke aiki da kayan Google sukan shirya wani taro mai suna DevFest wajen ƙarshen shekara a garuruwa da yawa na duniya, an kuma sha yin sa a Kaduna. Ga kuma baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna, wanda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ke shiryawa a filinsa na Rigachikun a kan hanyar Zariya. A 2019 aka yi karo na 40. A can mutum yakan ga injuna da masu ƙera su tsaye kusa da kayansu, suna jiran mai tambaya. Ko kasuwar Panteka, inda ake ƙera tukwane da injin niƙa da ƙofofin ƙarfe, taro ce ta masu fasaha wadda ba ta tashi.

A zangon karatu da ya wuce, malaminmu na kimiyya ya ɗebi wasu daga cikinmu ya kai mu wani taro irin wannan a cikin gari. Shi ne zuwana na farko. Akwai ɗalibai daga makarantu da dama, na kuwa lura mun kasu kashi uku. Kashi na farko 'yan kallo ne. Suka sami kujerun baya suka cure wuri ɗaya, ba su yi magana da kowa ba sai waɗanda suka zo tare, aka tashi suka hau mota. Kashi na biyu 'yan kwasa ne. Duk inda aka ce ana rabon riga ko lemo suna can, sa'an nan su yi ta ɗaukar hoto da manyan baƙi, alhali babu wanda zai tuna fuskarsu gobe. Kashi na uku kaɗan ne, su ne matambaya. Da an ba da hutu sai ka gan su tsaye da littafi a hannu, suna magana da wani.

Tun a mota malam ya ce mana kowa ya nemi mutum ko da ɗaya ne ya yi masa tambaya. Ni tambayata ta gida ce. Muna da ƙaramar sola, batirinta kuma ba ya kai mu asuba. Da aka fita hutun salla da abinci, na sami wata baiwar Allah wadda ta yi jawabi a kan wutar sola, na gaishe ta, na faɗi sunana da makarantarmu, na kawo tambayar. Ta tambaye ni abubuwan da muke kunnawa da dare, ta karɓi littafina ta nuna mini yadda ake lissafin wutar da kowane abu ke sha a awa, a tara, a gwada da ƙarfin batir. Lissafin nan ninkawa ne da tarawa, irin wanda muke yi a aji muna cewa ba mu ga amfaninsa ba. Da za mu rabu ta ce in malam ya yarda, mu zo shagonsu ranar wata Asabar mu ga yadda ake haɗa kayan. Mun je mu huɗu tare da malam. Duka maganar da ta jawo wannan ba ta fi minti goma ba.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Na farko su ne masu cewa tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya tari babba da magana ba. An koya mana mu sunkuyar da kai, kada mu sa baki in manya na zance. Wannan gaskiya ne, kunya kuwa ado ce ga yaro, ba ni neman a yar da ita. Amma kunya daban, tsoro daban. Almajirin da ya durƙusa gaban malaminsa ya ce bai gane karatu ba, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Yaron makaniki da ya tambayi ubangidansa me ya sa aka kwance wannan ba a kwance wancan ba, shi ne zai riga sauran ƙwarewa. Mutumin da ya baro aikinsa ya zo ya tsaya gaban jama'a yana bayani, so yake a tambaye shi. Hausawa da suka koya mana kunya su ne dai suka ce matambayi ba ya ɓata. Abin da ake bukata shi ne a yi tambayar cikin ladabi, a gaisa tukuna, a jira mutum ya gama da wanda ya riga ka, a kuma yi godiya.

Ga mai kunya ƙwarai kuwa, akwai wani labari daga Amurka da ya kamata ya ji. A watan Maris na 1975, shekarar da Fijo ta fara fita daga Kakuri, wasu mutane kimanin 30 masu sha'awar kwamfuta suka taru a garejin wani gida a garin Menlo Park na jihar Kalifoniya. Cikinsu akwai wani saurayi mai suna Steve Wozniak, wanda abokinsa ya jawo shi. Shi da kansa ya sha faɗin cewa kunya ba ta barinsa ya ɗaga hannu ya yi magana. Abin da ya gani a ranar ya sa ya koma gida ya fara zanen tasa kwamfutar. Da ya haɗa ta, sai ya riƙa kawo ta wurin taron yana ajiyewa a kan tebur, mutane na zuwa da kansu suna tambayarsa. A 1976 shi da abokinsa Steve Jobs suka kafa kamfanin Apple. Wani mai kanti, Paul Terrell, wanda ya ga na'urar a wannan taro, shi ya fara yi musu babban ciniki, ya ce a kawo masa guda 50. Darasin da na ɗauka shi ne wanda bakinsa ke da nauyi ya tafi da wani abu a hannu, abin zai buɗe masa zance. Ko fitilar da ka haɗa da tsohon batirin waya ce, ko motar gwangwani mai tafiya, ka tafi da ita.

Masu ja na biyu su ne masu cewa ai wannan shi ne "wa ka sani" da ya lalata ƙasar nan, inda ake ba ɗan wane aiki a bar mai ilmi yana yawo da takardu. Ni ma ba na son wannan hali. Amma a duba da kyau. Alfarma ita ce a ba ka abin da ba ka cancanta ba saboda ubanka. Sanayyar da nake nufi kuwa ita ce mai aiki ya san kana nan, ya ga abin da hannunka ke iyawa, har in bukata ta taso ya tuna da kai. Ɗan mai kuɗi ya gāji mutane tun daga falon gidansu, abokan ubansa manya ne. Ɗan tsohon ma'aikacin masaƙa ba shi da wannan gādo, tilas ya nema da ƙafarsa. Saboda haka in muka ƙi zuwa taro don ƙyamar "wa ka sani", mun bar wa masu alfarma filin ke nan su kaɗai.

Wani malamin jami'a a Amurka, Mark Granovetter, ya taɓa bincikar yadda mutanen wani gari kusa da birnin Boston suka sami aikin da suke yi, ya bayyana abin da ya gano a 1973. Cikin waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani mutum, akasarinsu ba aminansu na kullum ne suka ba su labarin aikin ba, mutanen da suke gani jefi jefi ne. Dalilin a fili yake in an yi tunani. Abokinka da kuke zama a dakali ɗaya, abin da ka ji shi ya ji, wanda ka sani shi ya sani. Sabon labari daga bakin wanda ke zaune a wani dakalin yake zuwa. Shi ya sa ɗalibin da ya je taro ya manne da 'yan ajinsu tun safe har yamma, kamar bai bar Maƙera ba ne.

Mu Hausawa ma ba Bature ne zai koya mana wannan ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, su yi watanni a hanya kafin su isa kasuwar Salaga a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ba su san kowa ba ran da suka fara zuwa. Baƙo yakan sauka wurin mai masauki a zango. Shi zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi. In baƙon ya cika alkawari, baɗi in ya komo an san shi, har shi ma wata rana ya tsaya wa wani. Haka aka yi cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan shekara da shekaru. Babban jarin bafatake sunansa ne da mutanen da suka yarda da shi. Abin da nake kira gare shi wannan tsohuwar hanya ce, kayan cinikin ne kawai suka sake.

Masu ja na uku iyayenmu ne, su kuwa tsoronsu ya fi na kowa hujja. Suna tsoron kada yaro ya haɗu da mugayen abokai, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Gaskiya ne ba duk mai riƙe da kwamfuta ne mutumin kirki ba. Akwai 'yan damfara da ke fakewa da sunan fasaha. Manya ba su manta da MMM ba, wadda ta yi wa mutane alkawarin riba mai yawa cikin wata ɗaya, sa'an nan a watan Disamba na 2016 ta rufe asusun jama'a, kuɗin mutane da yawa ya salwanta. Amma maganin wannan shi ne a koya mana alamun macuci. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ninka maka, ko ka kawo mutum biyu a ba ka lada, ko ya nemi lambar sirrin asusun gidanku, ko ya ce kada ka gaya wa iyayenka, ka rabu da shi nan take. Mutumin kirki a shagonsa ko ofishinsa zai ce ka same shi, da rana tsaka, ba zai kuma ji haushi don ka zo da malaminka ko yayanka ba.

Wannan ya kawo ni kan 'yan'uwana mata. Sau da yawa in an ce za a fita, sunayen maza ake fara rubutawa, a ce mata su zauna don gudun magana. Ina roƙon a sake tunani. Wadda ta koya mini lissafin batir mace ce, kuma ɗalibai mata da ke wurin sun fi sakin jiki da ita fiye da kowa. In ba a bar yarinya ta ga mace irinta tana wannan aiki ba, yaya za ta san ita ma tana iyawa? A haɗa su da malama, su tafi tare su komo tare. In za a ba da lambar waya, a ba da ta makaranta ko ta mahaifi. Wannan ya isa tsaro, ba sai an hana su ba.

Yanzu ga 'yar shawarata ga wanda zai je karo na farko. Tun kafin ranar, ka nemi sanin abin da za a tattauna da waɗanda za su yi jawabi, ka rubuta tambaya biyu ko uku daga abin da ya dame ka da gaske. Ka shirya yadda za ka gabatar da kanka a taƙaice: sunanka, makarantarku, da abin da kake son koya. Kada Turanci ya firgita ka. A Kaduna muke, da wuya ka sami wanda ba ya jin Hausa ko kaɗan, in ma ka samu, guntun Turancinka ya isa. Ka yi tsabta, ka isa da wuri, gama kafin zaure ya cika mutane sun fi samun sukunin magana. Ka saki fuska, Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

In an shiga, ka zauna kusa da wanda ba ka sani ba, ka gaishe shi. Kada ka ce sai babban baƙo za ka gani. Shi mutane sun yi masa yawa, da an tashi za a wuce da shi mota. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke zaune gefenka, wanda ya girme ka da shekara uku ko huɗu, ya fi shi amfani gare ka, domin bai manta da inda ya fara ba, yana kuma da lokacinka. Haka nan matasan da ke rubuta sunaye a ƙofa da masu jera kujeru. Su suka san masu shirya taron, su suka san ranar da za a yi na gaba. Lokacin hutu kuma kada ka ƙare shi a layin abinci. Duk wanda kuka yi magana, ka rubuta sunansa da abin da ya ce maka tun ba ka manta ba. Mutum uku da kuka fahimci juna sun fi lambar waya talatin.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne bayan an watse, gama zumunta a ƙafa take. Cikin kwana biyu ko uku ka aika da gaisuwa, ka tuna masa inda kuka haɗu da abin da kuka tattauna, ka yi godiya. Kada saƙonka na farko ya zama roƙo. Wanda ya fara da a taimaka mini da kuɗin makaranta ya rufe ƙofar da hannunsa. In ya ce ka karanta wani abu ko ka gwada wani abu, ka yi, sa'an nan ka koma ka gaya masa yadda ta kaya. Babu abin da ke faranta wa mai koyarwa rai kamar ya ga maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Kai ma kada ka ɗauka ba ka da abin bayarwa. Kana iya zuwa ka taya su jera kujeru a taro na gaba. Kana iya gaya wa mai rubuta manhaja yadda mahaifiyarka ke ajiye lissafin adashi, wanda watakila shi bai sani ba, alhali don irinta yake aikin.

Akwai kuma wata riba da ba ta aiki ba ce, wadda nake ganin garinmu na bukatarta. Iyayenmu sun ce a cikin masaƙa Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bagwari da Bayarabe da Tibi, inji ɗaya suke tsayawa, kwano ɗaya suke ci. Tun bayan rikicin watan Fabrairu na 2000, mutane da yawa suka yi ƙaura, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, har kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Akwai tsararrakinmu a Kawo da Rigasa da ba su taɓa yin aboki a Sabon Tasha ba, haka nan akwai na Sabon Tasha da ba su da kowa a Tudun Wada. A zauren taron da muka je na ga yaran waɗannan unguwanni sun sunkuya a kan waya ɗaya suna neman inda matsala take, babu mai tambayar wani daga ina yake. Tun da masaƙar da ta haɗa iyayenmu ta rufe, muna bukatar wani wurin da zai haɗa mu.

Saboda haka ina da roƙo ga hukumar makaranta. A riƙa kai mu irin waɗannan wurare ko da sau ɗaya ne a zango, musamman baje koli. Amma kada a bar shi ya zama yawon buɗe ido. A ɗora wa kowane ɗalibi aiki, ya komo da sunan mutum biyu da abin da ya koya daga gare su, ya tashi gaban aji ya faɗa. Haka kuma a riƙa gayyato tsofaffin ɗaliban makarantar nan da ke cikin waɗannan sana'o'i su zo su yi mana magana, domin wanda bai sami zuwa ba shi ma ya sami wanda zai tambaya. Ƙungiyar iyaye da malamai tana iya taimakawa da kuɗin mota ga waɗanda ba su da hali, don kada abin ya zama na 'ya'yan masu shi kaɗai.

Ga iyayenmu kuwa, na san kuɗin keke napep zuwa cikin gari da dawowa ba ƙaramin abu ba ne a wannan lokaci, ga kuɗin makaranta, ga cefane. Amma ku tuna da ranar da wani ya riƙe hannunku ya kai ku gaban heluma ko gaban maigidan da ya koya muku sana'a. Mu ma irin wannan mutumin muke nema, kuma ba zai zo ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. Ku binciki taron, ku san malamin da zai raka mu, sa'an nan ku ba mu izini da albarka. In mun komo, kada tambayarku ta tsaya a kan me aka raba muku. Ku tambaye mu da wa muka yi magana, me ya koya mana, yaushe kuma za mu koma mu gaishe shi.

Wannan shi ne ɗan abin da na ga ya kamata in faɗa. Wanda yake da wani ra'ayi dabam, fili na nan a fitowa ta gaba, zan yi murna in karanta. Allah ya haɗa mu da mutanen kirki, ya sa mu ma mu zama masu riƙe hannun na baya, amin.